Hannun Da Zai Wanke Munevera

A unguwarmu ta kan tudu, inda titin dutse yake ƙarewa a gindin masallaci, duk macen da ta rasu a shekarun nan yayata Bahriya ce ta wanke ta, ni kuma Zumreta ina zuba mata ruwa. Ba aikin albashi ba ne. Gwamnatin Yugoslaviya ba ta san da shi ba, ko kuma ta sani ta kau da kai. Da rana muna kamfanin saƙa safa kamar sauran matan garin, in an yi rasuwa a aiko mana, mu tuɓe rigar aiki mu hau tudu. Yau in na gaya wa jikokina sai su yi ta kallona kamar mai tatsuniya. Yanzu mota ce take zuwa ta ɗauke mamaciya, waɗanda ba su ko san sunan uwarta ba su wanke ta a wani ɗaki mai farin tayil. Duk Bosniya haka ta koma, wai ci gaba. Ni dai ba na sonsa, kuma ba na ɓoyewa.

Yaya Bahriya doguwa ce, maganarta sai an ja ta. Ƙawarta Munevera kuwa gajera ce, bakinta ba ya hutawa, kuma tun da nake ban taɓa ganin ta zo ko'ina a kan lokaci ba. Tun suna 'yan mata suke tare, benci ɗaya suka zauna a kamfani har suka yi ritaya, kuma kullum da faɗa suke rabuwa, gobe a dawo a ɗora daga inda aka tsaya.

A shekarar da nake ba ku labari, lokacin tsinkar tuffa, aka sallamo Munevera daga asibiti. An cire mata nono ɗaya, an buɗe cikinta an rufe, likitoci suka gaya wa ɗanta da wuya ta ga dusar ƙanƙarar fari. Muka je gaishe ta. Tana jingine da matashi, ta rame, amma bakin yana nan daram.

Ta ce, "Bahriya, kin ga yadda suka feɗe ni kamar ragon layya? Ko marigayi mijina ne ya dawo, ba zan bari ya ga jikin nan ba. Ke za ki wanke ni. Ke da Zumreta, ita ma buta za ta riƙa kallo, ba ni ba."

Yaya ta ce, "Wa ya ce miki za ki riga ni? Ke da ko ɗaurin aurenki sai da aka jira ki."

"Ba wasa nake ba. Rantse."

"Na rantse, uwar fitina. Sha gahawarki ta huce."

Ba a jima ba wata tsohuwa ta rasu a layin ƙasa. Ruwan gawa yadda za a haɗa wa mai rai ake haɗa shi, ba zafi ba sanyi, kuma Yaya ce kullum take gwadawa. Ta tsoma yatsu biyu kamar yadda ta saba, ta ce ya yi. Na ɗiba da buta, ya ɗan zubo mini a wuyan hannu, saura kaɗan in yi ihu a gaban mamaciya. Ruwan nan zai fige kaza. Na sirka shi a ɓoye, amma daga ranar na sa mata ido. Sai na ga maɓallin riga yana gagararta. Allura ta faɗi daga hannunta ba ta sani ba. Da asuba ta tashi tana yarfe hannuwa, wai minjirya ce take hana ta sakat.

Na ce mu je asibiti, ta ce tsufa ne. Na ce tsufa bai hana Munevera jin zafin kofi ba. Sai da na yi mata rashin kunya irin ta ƙanwar da ta haura hamsin, sannan ta yarda. Likitan garinmu ya murza hannun, ya ce wannan sai ɗakin gwajin jijiya, a babban asibitin birni.

Har yau in na rufe ido ina ganin ɗakin nan. Yana can ƙasan bene kusa da wajen wanki, don haka ya fi ko'ina ɗumi, kuma ƙamshin sabulu ba ya barinsa. A kan bencin waje masu haƙar kwal ne da direbobi da masaƙa irinmu, kowa ya rungume hannunsa ko ƙafarsa, ana ta ba juna labarin yadda lantarkin yake fizga, masu fitowa suna ƙara gishiri don su tsorata masu shiga. Na'urar gwajin ta kai girman kabad, da ɗan gilashi kore da lasifika a samanta. Mai ɗakin ita ce Likita Vlasta, mace mai furfura da askin maza da agogon maza, wadda take kiran duk macen da ta girme ta Teta, kamar ƙanwar uwarta ce.

Tana taɓa hannun Yaya ta ce, "Haba Teta, ƙanƙara kika kawo mini? Jijiya mai sanyi ƙarya take yi mini, ba na gwada ta."

Ta tari ruwa mai ɗumi a roba, ta naɗe wa Yaya hannun riga da kanta, ta tsoma hannuwan a ciki, ta riƙe su da nata. Yaya ta rasa inda za ta sa idonta. Matar da ta wanke rabin matan unguwa, tun rasuwar mahaifiyarmu ba wanda ya riƙe mata hannu a cikin ruwa. Tausayinta ya kama ni har na juya ina kallon bango.

Likita ta ce, "Wane aiki hannun nan yake yi?"

"Saƙa safa, a da."

"Yanzu fa? Wannan ba hannun mai hutu ba ne."

Yaya ta dube ni, don ba abin da ake faɗa a asibitin gwamnati ba ne. Ni na ce, "Wankan matattu take yi."

Likita Vlasta ta ɗaga gira. "To ashe sana'armu ɗaya, taɓa mutane. Ke dai kin yi sa'a, naki ba sa zagin ki."

Ta goge hannun dama, ta manna wasu 'yan ƙarafa a gindin babban yatsa, ta auna da tef irin na tela, ta yi ɗigo da biro a wuyan hannu da gwiwar hannu. Sannan ta ɗora wani abu mai kai biyu a kan ɗigon, ta ce ɗan kaɗan zai fizga, ta danna. Yatsan ya yi tsalle shi kaɗai.

Yaya ta ce, "Allah ya isa! Wannan ne ɗan kaɗan ɗin?"

"Wannan gaisuwa ce, Teta. Saƙo nake aikawa ta cikin jijiya in ga yaushe zai isa." Ta sake dannawa, ta leƙa koren gilashin, ta koma gwiwar hannu, ta koma hagu. "Daga gwiwa saƙon yana gudu lafiya lau. Da ya zo wuyan hannu sai ya tsaya yana nishi, kamar bas ɗinku a kan tudu."

Daga nan ta ɗauko siririyar allura mai waya, ta soka a tsokar gindin babban yatsa, ta ce Yaya ta saki hannun kada ta motsa. Sai lasifikar ta fara ƙara, tas, tas, tas, kamar yayyafin farko a kan rufin kwano. Na ɗauka alamar lafiya ce, har na yi murmushi. Likita ba ta yi ba.

Ta ce, "Tsoka mai lafiya in tana hutawa shiru take yi. Wannan yayyafin da kuke ji, tsoka ce da jijiyarta ta fara sakinta. Danna yatsana, Teta. Da ƙarfi."

Yaya ta danna. Ƙarar ta koma irin ta tsohon babur da yake neman mutuwa, ta buga nan, ta tsaya, ta sake bugawa.

Likita ta zare allurar, ta ja kujera ta zauna gaba da gaba da ita. Ta ce jijiyar ta matse a wuyan hannu, duka biyu, dama ya fi muni. Ƙaramin aiki ne, a tsaga a sassauta mata, amma yanzu ya kamata a yi. Bayan aiki kuma ba taɓa ruwa, ba ɗaga nauyi, sai ya warke, kuma hannun tsoho ba ya gaggawar warkewa.

Yaya ta ce, "A bari sai bayan hunturu."

"A fara da dama kawai, ki riƙa lallaɓawa da hagu."

"Da hagu ake wanke mutum?"

"To a fara da hagun."

"In tallafe ta da me?"

Likita ta dube ni, na gaya mata zancen Munevera a taƙaice. Ta daɗe tana juya biro a hannunta, sannan ta ce, "Bayan hunturu ma za a iya tsagawa, Teta. Amma abin da ya riga ya mutu ba mai tayar da shi. Kin fi ni sanin wannan."

A cikin bas na sauke mata kwandon masifa, ban damu da masu kallo ba. Na ce hannun da za ta ci abinci da shi har ƙarshen ranta za ta ba da saboda wankan da bai wuce tsakanin azahar da la'asar ba? Ta yi ta kallon kogi ta taga kamar da kujera nake magana. Da na ga haka, muna sauka na wuce gidan Munevera kai tsaye, Yaya tana biye da ni tana cewa in kiyaye ta, na fasa ƙwan tun daga bakin ƙofa.

Munevera ta saurara har na gama, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Sannan ta ce, "Ke Bahriya, kanki ɗaya? Na sake ki. Na yafe rantsuwar. Je ki a tsaga ki ke ma ki ji yadda ake ji."

Na ce, "Ni zan wanke ki."

"Ke? Hannunki kamar mai kankare tukunya? Ki bar ni in tafi da sauran fatata."

Yaya ta ce, "Ko ta iya, wanka ba aikin mutum ɗaya ba ne. Wa za ta kira ya kama mata? Maƙwabciya Fikreta mai bakin rediyo? Kafin a ɗaure likkafani duk kasuwa ta san inda aka ɗinke ki da inda aka rage."

Munevera ta ja bargo har wuya, ta juya fuska wajen bango. Ba ta sake cewa ta sake ta ba. A ranar na ji haushinta ƙwarai, na ce a raina son kai ne. Yanzu da ni ma jikina ya zama abin da ba na son ko madubi ya gani, na daina ganin laifinta.

Can Munevera ta ce da ƙaramar murya, "To zan yi sauri."

Yaya ta daka mata tsawa. "Kada ki kuskura! Ki yi nawarki da kika saba. In kika bar cin abinci saboda ni, da ruwan sanyi zan wanke ki."

Ta kuwa yi nawar. Dusar fari ta sauka Munevera tana nan, ta biyu ta rufe titin dutse har maza suka fito da shebur, tana nan. Kuma abin da zai ba ku mamaki, a duk hunturun da na yi a duniya ba wanda nake kewa kamar wannan. Kullum bayan azahar muna gindin murhunta. Mu binne dankali a toka, mu dafa gahawa, rediyo yana ta waƙoƙin da, su biyun suna musu a kan tafiyar da kamfani ya kai mu bakin teku, wa ta fara shiga ruwa da siket, wa direba ya yi wa fito. Munevera ta ce ita ce, Yaya ta ce direban makaho ne in haka ne. Mu yi dariya har Munevera ta riƙe ɗinkinta tana roƙon mu bari.

Ni kuwa idona yana kan hannun Yaya. Tudun nan na gindin babban yatsa ya fara lotsawa, har ya zama rami. Cokali sai ta dunƙule shi a hannu kamar yaron goye, a haka take ba Munevera miya. Duk ranar da Munevera ta cinye kwanonta, Yaya ta dawo gida tana murna kamar an yi mata albishir, ni kuma in tsaya a kan sallaya ban san abin da zan roƙa ba. In roƙa wa Munevera kwana, hannun yayata nake kashewa. Ɗayar addu'ar kuwa bakina ba zai iya furta ta ba.

Da ƙanƙara ta fara narkewa muka koma wajen Likita Vlasta, don ta ce mu dawo ko an yi aiki ko ba a yi ba. Ta ɗumama hannun, ta manna ƙarafanta, ta danna. Yatsan bai motsa ba. Ta ƙara ƙarfi har kafaɗar Yaya ta girgiza, yatsan yana kwance abinsa. Ta gwada hagu, shi ma da ƙyar ya amsa. Ta soka allura ta ce a danna, Yaya ta danna har jijiyoyin wuyanta suka tashi. Likita ta murɗa lasifikar har ƙarshe, ba abin da ya fito sai shuuu, da ɗan tas guda can ba a rasa ba. Ta kashe na'urar.

Na shirya jin faɗa, har ina so a yi, don a taya ni. Amma Likita cewa ta yi, "Ƙawar taki tana nan?"

Yaya ta ce, "Tana nan. Jiya har ta ci pita, ta ce gishiri ya yi yawa."

"To madalla. Ki gaishe ta, ki ce likitar lantarki ta ce ta cika taurin kai." Ta buɗe taga ta kunna sigari, ta ce kada mu tafi sai mun sha gahawa, masu jira su jira. Ita ta riƙe wa Yaya kofin har ta kama shi da hannu biyu.

Munevera ta rasu da hantsi, itatuwan tuffa sun yi fure. Ɗanta ya aiko, muka hau tudu. A ɗakinta na baya muka yi, muka rufe ƙofa, Fikreta tana tsakar gida tana ta tayin taimako ba wanda ya amsa mata. Na haɗa ruwa, na naɗe wa Yaya ƙyalle a hannuwa na ɗaure mata, don ba ta iya ƙulli. Ta shimfiɗa mayafi a kan ƙawarta, ta yi wankan duka ta ƙarƙashinsa. Inda yatsu suka gaza ta sa dantse, inda dantse ya gaza ta sa kafaɗa. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa, juya nan, uwar nawa, saura kaɗan. Ni buta nake kallo kamar yadda aka umarce ni, hawaye suna zuba a cikinta. Ban taɓa ganin wanka mai kyau kamar wannan ba.

Da aka gama, kafin mu rufe fuska, ta miƙo mini hannuwa na kwance ƙyallen. Ta ɗora yatsunta a kumatun Munevera. Ta daɗe a haka. Ta kai su goshi, ta sauko da su kan ido, ta dawo kumatu. Ta canza hannu.

"Zumreta."

"Na'am, Yaya."

"Ajiye butar nan. Zo ki taɓa mini fuskarta."

Na zo na ɗora hannuna kusa da nata.

"Yaya take?"

Na ce, "Da santsi, Yaya. Da laushi sosai. Ba ta gama yin sanyi ba."

Ta gyaɗa kai. "Ni ba na jin komai. Shekara sittin, kuma kamar ta bayan bango nake taɓa ta."

Duk da haka ba ta ɗauke hannun ba. Muka tsaya a haka, nata da nawa, har liman ya aiko a tambaya ko mun gama.